Abdoulaye N'Diaye, Sojan da Ya Tafi Yaƙi Saboda Kawunsa



Ko a Maraɗi kuka tashi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, da wuya a ce ba ku taɓa jin an ambaci "mazan jiya" ba, wato tsofaffin da suka yi wa Faransa aikin soja zamanin mulkin mallaka. A lakkol an koya mana sunan rundunarsu, "tirailleurs sénégalais", har wasunmu suka ɗauka ƴan Sanagal ne kaɗai. Ba haka ba ne. A Sanagal aka kafa rundunar a 1857, a hannun gwamna Faidherbe, amma daga baya an kwashi samari daga ƙasashen da yau ake kira Mali, Gine, Burkina Faso, Benin, har da Nijar tamu. Don haka labarin da zan ba ku namu ne, ko da yake mai shi Basanagale ne.

An haifi Abdoulaye N'Diaye a 1894 a ƙauyen Thiowor, yankin Louga, arewacin Sanagal. A wancan zamani ba a tambayar yaro ko yana son soja. Nasara yana yanka wa hakimi adadin samarin da zai kawo, in wani ya gudu, a kama babban gidansu. Kamar yadda tsohon ya ba da labari da bakinsa, haka ta faru a danginsu: ɗan kawunsa ya tsere, aka tsare kawun. Sai Abdoulaye ya miƙa kansa domin a saki dattijon. Ku lura da wannan, ƴan'uwa. Zumunci ne ya fitar da shi daga gida, ba kwaɗayin kaki ko lambar yabo ba.

Yaƙin Duniya na Farko ya kai shi wuraren da bai taɓa jin sunansu ba. An ji masa rauni a Beljiyam a 1914. A 1915 yana cikin waɗanda aka kai mashigin Dardanel, ƙasar Turkiyya ta yau. A 1916, a gumurzun kogin Somme da ke Faransa, harsashi ya same shi a ka, amma kwanansa na gaba. Kusan mutum 200,000 aka ɗiba daga Afirka ta Yamma ta Faransa a wannan yaƙi, wajen 30,000 ba su dawo ba. Da yawansu Musulmi ne. A maƙabartar Douaumont, kusa da Verdun, har yau akwai ɗaruruwan kaburburansu suna fuskantar alƙibla. Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926 ma, an gina shi ne don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a yaƙin.

Da aka gama yaƙi a 1918, Abdoulaye ya koma ƙauyensu, ya kama noma, ya yi iyali, ya ga jikoki. Shekaru tamanin ya yi a haka. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi ne mafi tsawo, kuma shi ne littattafan tarihi ba su cika kula da shi ba. Mutum ya ga mutuwa da idonsa, ya dawo ya ɗauki fartanya, ya ciyar da gida, ai wannan ma hidima ce.

To me Faransa ta saka masa da shi? Sai a 1949 ya ji cewa yana da haƙƙin fansho, daga bakin waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Su ma ba su sha da daɗi ba: ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirailleurs da ke neman a biya su kuɗinsu. A 1959 kuma Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke shirin samun ƴanci. Na Bafaranshe yana ta ƙaruwa, na Ba'afirke yana tsaye wuri ɗaya, alhali rami ɗaya suka kwana. Ba a ɗauki hanyar daidaita shi sosai ba sai bayan 2006, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

A 1998, domin cika shekaru 80 da ƙare yaƙin, gwamnatin Jacques Chirac ta yanke shawarar ba sauran tsofaffin da ke raye lambar "Légion d'honneur". Aka sa ranar 11 ga Nuwamba za a je Thiowor a maƙala wa Abdoulaye tasa. Allah Ya karɓi ransa ranar 10 ga wata, yana da shekaru 104. Shi ne ake ɗauka na ƙarshe cikin tirailleurs na wancan yaƙi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kwana ɗaya tak aka makara, bayan an yi shekaru tamanin ana da dama. Yana da sauƙi mu zargi Nasara da wannan sakaci, kuma ya cancanci zargin. Amma mu fa? A unguwanninmu akwai dattawan da suka yi wa ƙasa soja, akwai matan da mazansu suka faɗi a bakin daga, akwai marayunsu. Addininmu ya hore mu da girmama babba da kula da maraya, bai ce mu jira ranar jana'iza ba.

Ga abin da nake roƙon kowane reshe na ƙungiyarmu: ku nemi tsohon soja ɗaya a unguwarku. Ku je ku gaishe shi, ku ce, "Baba, mun zo jin labari." Ku rubuta abin da ya faɗa, da izininsa. In yana buƙatar magani ko a raka shi wajen karɓar fansho, ku raka shi. Zumunci a ƙafa yake.

Allah Ya gafarta wa magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.