Yana Biyu Ce: Tarihin Yadda Aka Gano Tabon Bayan Ido

A nan Sanam, kamar sauran ƙasar Kurfai, idan ganin mutum ya dusashe kalma ɗaya ake jawowa, wato yana. Sai a ce a bar ta ta nuna, in masu aikin ido sun zo a cire. Ni ma haka na ɗauka, har shekarar da dutsen danƙo ya sami wani ɗalibina a ido, ana farkon komawa lakwal. Idon ya yi ja kwana biyu ya washe, kowa ya manta. Bayan mako uku yaron ya ce mini, "Mushe, da wannan idon rabin allo nake gani." Iyayensa suka ce a dakata a sayar da wake a sami kuɗin mota. Kafin su isa Yamai wata uku sun wuce. Likita ya ce musu gaban idon garau yake, ɓarnar tana can baya, kuma tabo ya riga ya kama wurin. Abin da ya sa na bi diddigin wannan tarihi ke nan.

Yanar da kowa ya sani a gaba take. Ƙwayar da ke tattara haske ce take yin fari. Tun zamanin da masu magani a Indiya suke sa tsinke su tura ta cikin ido, irin aikin da har yau wasu ke yawo da shi ƙauye-ƙauye a ƙasar Hausa. Wajen shekara ta 1000, Ammar al-Mausili ya yi amfani da allura mai rami a Masar yana zuƙo ta waje. A 1747 wani likitan Faransa, Jacques Daviel, ya tsaga ido ya fitar da ƙwayar. Duk waɗannan a bakin ƙofa suka tsaya, domin ba wanda ya taɓa leƙa bayan idon mai rai.

Sai a 1851 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya fito da madubin da ake haska cikin ido da shi. Nan aka fara ganin tantanin da likitoci ke kira retina. Shimfiɗe yake a bangon baya, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. A gabansa akwai ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai da ya cika ido. Likitoci suka ga tantanin yakan ɓamɓare daga bango, suka ga wata yana daban kwance a kansa, amma suka shafe shekaru kusan saba'in ba su da abin yi. Jules Gonin na birnin Lozan a Suwizalan ne ya nuna cewa ƴar ƙaramar yagewa ce mafarin abin: ruwa ya bi ta ramin ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga tantanin. Ya riƙa liƙe ramin da ƙarfe mai zafi, kuma a taron likitocin ido na Amstadam a 1929 duniya ta yarda da shi.

Duk da haka wasu idanun sukan sake lalacewa bayan aiki ya yi kyau. Dalilin shi ne jiki yakan gyara rauni da tabo. Idan tantanin ya yage, ƙwayoyin halittar da ke ƙarƙashinsa da waɗanda ke tallafe da shi sukan kuɓuce, su bi ruwan ido, su zauna a samansa. A can suke hayayyafa, su sauya kama, su saƙa zaruruwa har su zama shimfiɗa, kamar yadda yana ke kwanciya a kan kunun da ya huce. Cikin ƴan makonni sai shimfiɗar ta fara tsukewa. Duk wanda ya ga yaron da ya ƙone a hannu, tabo ya janye masa yatsu, ya ga irin abin. A fata ana iya rayuwa da shi. A ido kuwa tantanin ne yake tattarewa ya yi tauri, ya ƙi komawa mazauninsa. Wannan yakan faru ga mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda tantaninsu ya ɓamɓare. Haɗarin yana ƙaruwa idan rauni ne ya jawo, ko jini ya zuba a ciki, ko aka daɗe ba a je asibiti ba.

Hanyar kai hannu wurin ta samu a 1970. Robert Machemer, Bajamushe mai aiki a Miyami ta Amurka, ya fara gwada na'urarsa a kan ƙwan kaza: ya huda ƙaramin rami ya zuƙe farin ƙwan. Daga nan ya cire ruwan idon mutum ta irin wannan ƙofa. Yau da ƴan hantsaki masu siririn baki ake ɓare yanar daga kan tantanin, a cika idon da iska ko man silikon don ya danne shi. Aiki ne mai tsada, masu yinsa kaɗan ne, kuma ganin da ya daɗe da tafiya ba ya dawowa duka.

A yankinmu yaƙi da makanta ya fi karkata ga cututtukan da suka fi yawa, kuma da hujja. Asibitin ido na mishan a Kano ya buɗe a 1943, mutanen Nijar da dama sun sha zuwa can. A 1953 aka kafa cibiyar ido ta IOTA a Bamako. A 1974 aka ƙaddamar da shirin yaƙi da makantar bakin kogi a ƙasashe bakwai har da Nijar, kuma a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasar farko a Afirka da ta rabu da cutar. Amosanin ido ma ya ja baya sosai. Amma ciwon sukari yana ƙaruwa, ga sikila a gidajenmu. Su biyun sukan sa wasu raunanan jijiyoyin jini su tsiro a kan tantanin tare da tabo, su ja shi har ya ɗaga. Tura yana da tsinke ma kan jawo wannan ɓamɓarewar.

To malamai da iyaye, ga abin da ke hannunmu. Yaron da dutse, sanda, ƙwallo ko ƙaya ta taɓa masa ido, a kai shi likita ko da jan ya washe, kada a tsaya ɗiga masa nono ko ruwan ganye. Duk wanda ya ce walƙiya yake gani ba hadari, ko baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje sun taso masa farat ɗaya, ko wani labule ya rufe masa gefe, maganarsa ta kwanaki ce, ba ta jiran kaka ba. Daga Filinge zuwa Yamai kimanin kilomita 180 ne, mu kuma muna gaba da Filinge, saboda haka a tashi da wuri. Mai ciwon sukari ya nemi a duba masa bayan ido kowace shekara. Mu kuma masu bulala, mu tuna bakinta ba ya zaɓen inda zai sauka.

Ni dai yanzu kowane farkon shekara nakan sa ɗalibaina su rufe ido ɗaya su karanta allo, su sauya ɗayan, sannan su dubi layukan kaye su faɗa mini ko sun ga sun karkace. Minti goma yake ci. Yaron nan nawa ya ci gaba da karatu da ido guda, a benci na gaba. Allah Ya tsare mana na sauran.