Darma da albarushi a hanyar Gwanja

Kakanninmu fatake sun san kaya iri biyu: wanda sarki ke karɓar kuɗin fito ya bari ya wuce, da wanda yake sa wa ido. Darma da albarushi na cikin na biyun.

Bindigar da ake ɗurawa ta baki daga gaɓar teku take zuwa, wajen Turawan da ke ciniki a Ankara da Elmina, tare da sandunan darma. Maharbi ko maƙeri ya narka darmar, ya zuba a mazubi, harsashi ya fito. To amma sarakunan Asante ba su yarda makami ya haura arewa ba. Madugu ya sayi goro a Salga iya ƙarfin jakunansa, bindiga kuwa sai a ɓoye. Inda darma ta yi wuya, guntayen ƙarfe ake ɗurawa. Abin dariya, kwallin da ayarinmu ke kaiwa kudu shi ma dutsen darma ne, kuma ba mai tare shi.

A 1890 Turawa suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani, suka bar ta ɗuri. A 2006 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a tasu a Abuja, wadda ta haɗa har da harsashi. Yau idan aka ga ƙwaya ɗaya cikin ƙullin saƙon da ɗayanmu ya karɓa bai buɗe ba, mota da direba da mai kaya duk a kan iyaka za su kwana, Jibiya ce ko Ɗan Isa.