Makamashin gida a Nijar: daga murhu zuwa rufin ɗaki

A yawancin gidajen Nijar, maganar makamashi abu biyu ce: wutar da ake dafa tuwo da ita, da wutar da ke haska ɗaki. Ta farko har yanzu itace ne da gawayi. Ta biyu kuwa kuran ɗin NIGELEC ne, ga wanda layi ya iso unguwarsu. Shirye-shiryen da gwamnati da ƙungiyoyi suka daɗe suna yi a garuruwa da ƙauyuka sun bi wannan tsari: a fara rage abin da gida ke ƙonawa, sannan a nemo masa wuta daga rana.

Murhu

Murhun duwatsu uku yana ɓarnar yawancin zafinsa, domin iska na kwashe harshen wuta kafin ya taɓa gindin tukunya. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, lokacin da dazuzzukan kewayen birane suka fara ƙarewa, aka shiga yaɗa murhu mai tattalin itace. Biyu suka fi suna: Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙera ke ƙerawa, da Albarka, na laka, wanda mace ke iya ginawa a tsakar gidanta. Dabararsu ɗaya ce. Bango yana kewaye wutar, tukunya ta zauna daidai bakinsa, zafi ya bi jikinta. Itace ya ragu, hayaƙin da ke cin ido da ƙirji ma ya ragu.

A 1992 doka ta kafa kasuwannin itace na karkara. Mutanen ƙauye ne ke kula da dajinsu, su sayar a wuri ɗaya, wani kaso na harajin ya tsaya a garin.

Gaz

Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, kuma tun daga nan Nijar ke samar da gaz ɗin girki na kanta. Tukunya mai kilo 6 ta shiga gidaje da yawa a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram. Gaz ba makamashi mai sabuntuwa ba ne, amma yana sauke nauyi daga kan daji. Cikas ɗinsa kuɗin farko ne: tukunyar da kan murhun sai an biya su gaba ɗaya, alhali itace ana sayensa kaɗan-kaɗan kowace safiya. Nan ne adashe ke da amfani, irin na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka samo asali a jihar Maraɗi a 1991.

Rana

Binciken hasken rana ba baƙo ba ne a ƙasar. An kafa ofishin ONERSOL a 1965, kuma Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya daɗe yana jagorantarsa. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta buɗe a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 ta biyo baya a 2023. A watan Agustan wannan shekarar ne Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar mafi yawan kuran ɗinta, ta katse layi, magidanta da dama suka koma neman faranti.

Hukumar ANPER ce ke kula da kai wuta karkara. Shirin NESAP, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2017, ya tanadi bashi domin shigo da kayan rana masu inganci.

Kayan gida huɗu ne: faranti, batir, na'urar daidaita caji, da mai juya wuta idan za a kunna firigo ko telebijin. Batir ne ya fi saurin mutuwa. Zafi da yawan zuƙe shi har ƙasa ke kashe shi, don haka ana ajiye shi a inuwa mai iska. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, sai an riƙa goge shi.

Tattali kafin saye

Ƙwan fitila na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Gidan da ya canza ƙwayayensa ya rage takardar NIGELEC, kuma ƙaramin faranti ya ishe shi. Shi kansa ginin yana da tasiri: rufin kwano na tara zafi, katangar laka mai kauri na jinkirta shi. Tun shekarun 1980 ake horar da magina a kan gini ba tare da itace ba, mai rufin tulluwa na tubalin laka, wanda ba ya cin azara ko ɗaya.

Masu sanin harkar suna ba magidanci shawarar ya fara lissafa abin da zai kunna da awoyinsa, ya nemi takardar garanti, ya kuma tabbatar akwai mai gyara a garinsu kafin ya biya.