Ɗanƙwairo Ma Magaji Ne: Tarihin Ƙungiyar Kiɗan Gidan Ɗankwanda



Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sauraron waƙoƙin fada a nan Kontagora, kuma ko a cikin wannan ƙungiya tamu ba ta ƙyale mu ba. Wasu na cewa tun da Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 kiɗan gidansu ya ƙare, abin da magadansa ke yi kwaikwayo ne kawai. Wasu kuma na cewa gidan dai shi ne, kotson ma shi ne, don haka duk inda suka ji 'ya'yan Ɗanƙwairo sun sauka za su je su yi musu liƙi. Mun ga ya dace mu waiwayi tarihin ƙungiyar kanta, domin yawancinmu mutum ɗaya muka sani a cikinta, alhali ta girme shi.

An haifi Musa a wajajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin jihar Zamfara ta yau. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, shi ma gadon kiɗan ya yi. Asalin sana'ar gidan kiɗan noma ce, wato kiɗan da ake yi wa ƙarfafan manoma a wurin gayya don a zuga su su ci kuyya. Daga nan gidan ya shiga kiɗan fada a ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun. Ke nan ƙungiyar ta taɓa sauya masu saurare, daga bakin gona zuwa ƙofar fada.

Sunan da duniya ta san shi da shi ma daga cikin ƙungiyar ya fito. A yaran Ɗankwanda akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Da Musa ya taso ya fara amshi, sai mutane suka ji muryarsa ta yi kama da ta wancan, suka riƙa ce masa Ɗan Ƙwairo, sunan ya bi shi har kabari. A tsaya a duba wannan da kyau. Mutumin da a yau muke cewa ba a kwaikwayonsa, sunan wani ɗan amshin babansa yake ɗauke da shi, saboda an ji yana kama da shi.

Da Ɗankwanda ya rasu ba Musa ne ya gaje shi ba. Wansa Kurna ne ya zama jagora, Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimaki, mai jiran gado. Ya daɗe a wannan matsayi yana karɓa wa wansa waƙa. Lokacin da sunansa ya cika Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da waƙoƙi irin su Mai Dubun Nasara, ya riga ya haura shekara hamsin a duniya. Fiye da rabin rayuwarsa a bayan wani ya tsaya. Da wuya a ce a Maradun ba a sami dattawan da suka saba da Kurna ba, waɗanda da ragama ta koma hannun ƙane suka taɓe baki suka ce ai ba kamar na da ba. Bambancinsu da mu shi ne su ba su da kaset ɗin da za su kunna su kafa hujja.

Me ya haɗa mu da makaɗan Zamfara har muke gardama a kansu kamar 'yan garinmu? Abin a fili yake. Umaru Nagwamatse da ya kafa Kontagora a wajajen 1864 ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kirarin da makaɗan ƙasar Sakkwato ke yi wa jinin Shehu, kunnen mutanen nan ya san shi tun fil azal. Daga 1967 zuwa 1976 ma jiha ɗaya muke da Maradun, Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, kafin a yanke jihar Neja. Ma'aikata da ɗalibai da fatake suna ta kai da kawo ta hanyar Yawuri. Ga kuma gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, wanda ya shigar da muryar makaɗan nan har ɗakunan iyayenmu. Da kaset ya yawaita daga shekarun 1970, ba shagon tela ko teburin mai shayi ko motar haya da ba a jin Ɗanƙwairo, daga waƙoƙin 'Yandoton Tsafe Aliyu zuwa na Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero. Mu da muke cikin shekara arba'in da wani abu yanzu, a kaset muka san shi. Kaɗan ne cikinmu suka gan shi ido da ido.

To, a nan matsalar take. Rediyo da kaset sun kama ƙungiyar ne a lokacin da ta fi ƙarfi, suka daskarar da ita a haka. Muryoyin da muka haddace na wasu mutane ne a wasu 'yan shekaru, amma a zuciyarmu sun zama su ne ƙungiyar tun farko har abada.

Kuma wa muke ji a cikin kaset ɗin? Duk wanda ya saurari waƙar fada da kunnen basira ya san ba jagora kaɗai ke ɗauke da ita ba. Ɗanƙwairo kan ɗauko magana ya kai ta rabi ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa ta, wani lokaci su ƙara nasu ɗiyan masu tsawo kafin a koma gindin waƙa. Akwai waƙoƙin da in an auna, abin da 'yan amshi suka faɗa ya fi na jagora yawa. Sau da yawa ɗan waƙar da ya fi burge mu, wanda muke maimaitawa a majalisa muna cewa Ɗanƙwairo ya ce, daga bakin 'yan amshi ya fito. Kuma mutanen nan suna rera waƙar ne suna kaɗa kotso a lokaci guda. Kotso ba a sa masa makaɗi kamar kalangu. Fuska ɗaya gare shi, da yatsu ake bugunsa, ana matsa tsarkiya a sassauta don ya sauya murya. Mutum biyar ko shida su haɗa hannu da baki ba wanda ya riga wani, wannan ba aikin wata ɗaya ko shekara ɗaya ba ne.

Shi ya sa ƙungiyar makaɗan fada take da tsari kamar na fadar kanta. Akwai jagora, akwai Daudu, akwai sauran muƙamai, akwai sanƙira mai fashin baƙi da tunatar da masu kyauta, akwai yara masu ɗaukar kaya da ke koyo da kunne. Wani ya tsufa ya zauna gida, wani ya rasu, wani ya yi fushi ya ware, na bayansa ya matso. An gina abin ne da sanin cewa mutane za su shuɗe. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi rubutu mai yawa a kan wannan tsari. Amma mu masu saurare, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cikin masu rantsuwa da Ɗanƙwairo a garin nan, mutum nawa ne zai iya kawo sunan 'yan amshinsa uku? Sun yi ta sauyawa a gaban kunnenmu tun yana raye, ba mu ko lura ba, saboda sunan da ke jikin kaset bai sauya ba.

In aka kwatanta da sauran manyan mawaƙa za a fi ganin bambancin. Ɗanmaraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, da ya rasu a 2015 babu ƙungiyar da za a ce ta ci gaba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi, amma su amshi ɗaya suke maimaitawa, duk maganar daga bakinsa take fitowa nan take. Wanda zai gaji Shata sai ya zo da ƙwaƙwalwar Shata, abin da ba a rabawa a gado. Kiɗan fada kuwa an raba nauyinsa a kan mutane da yawa, kuma 'ya'yan Ɗanƙwairo a cikin amshinsa suka tashi. Da suka ci gaba bayan 1991 ba daga kaset suka koya ba. Wasu muryoyin da muke yabo a tsohon kaset nasu ne.

Kusa da mu ma akwai misali. A Yawuri, Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji mahaifinsa Aliyu Ɗandawo, ya kuma yi sunan kansa har matasa da yawa shi suka fara sani kafin uban.

Wannan gardama ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Ingila akwai ƙungiyar kiɗan rok mai suna Rolling Stones da aka kafa a Landan a 1962. Brian Jones, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya mutu a 1969. Bill Wyman ya bar ta a 1993. Mai gangarsu Charlie Watts ya mutu a 2021 bayan shekara 58 yana tare da su. Cikin na farko Mick Jagger da Keith Richards ne suka rage, amma masoyansu, wasu da jikoki, suna cika filayen wasa, suna kuma musu a kan wane zamani ne ya fi. A Legas, da Fela ya mutu a 1997, ɗansa Seun yana da shekara 14 ya tsaya a gaban ƙungiyar Egypt 80, tsofaffin makaɗan ubansa suna bayansa, har suka zaga duniya tare. Can mutane sun yarda su sayi tikiti su ba sabon jagora lokaci ya nuna.

Mu a nan me ya hana? A ganinmu abin da ya karye ba murya ba ce, gindin da makaɗin fada ke tsaye a kai ne. A da makaɗi yana da ubangida. Sarki ko hakimi ke ba shi gida da gona da hatsi da doki da riguna, daga baya har mota da kujerar Makka. Yana zaune kusa da fada, ya san asalin kowa, ya san wanda ya nemi sarautar bai samu ba, ya san wanda za a yi wa habaici da wanda za a yi wa zambo. Yana da lokacin da zai zauna da yaransa kwana da kwanaki suna sassaƙa waƙa ɗaya. An kashe Sardauna a Janairun 1966. Bayan haka gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rage ikon sarakuna. Shi Ɗanƙwairo sunansa ya riga ya yi girman da zai ɗauke shi, ya yi wa sarakuna da attajirai da masu mulki waƙa ko'ina. Magadansa kuwa sun tarar da fada ba ta iya riƙe mutum goma da iyalansu kamar da.

Sai ga fiyano. Yaro ɗaya zai shiga sutudiyo da safe, kafin la'asar ya fito da waƙar ɗan siyasa ko ta amarya, gobe ta zaga wayoyi. Mai kotso kuwa sai ya ɗauki mota guda ta mutane, a ciyar da su, a ba su masauki. Yanzu ga rashin tsaro a hanyoyin Zamfara da namu na nan, tafiyar da a da ake yi ba tunani ta zama sai an yi shawara da addu'a.

Akwai kuma namu laifin, mu masoya, kuma shi ya fi damun mu. Idan magadan nan suka zo wurin biki ko naɗin sarauta, me muke roƙo? Tsofaffin waƙoƙi. Kowa so yake a yi masa wadda ya sani tun yana yaro, ita ake yi wa liƙi. In suka ɗauko sabuwa sai wuri ya yi sanyi, mutane su koma hira. Bayan an watse kuma mu ne za mu ce ba su da komai sai na babansu. Mun hana su abin da Maradun ta ba Musa a bayan Kurna, wato shekarun da mutum zai yi ta gwadawa a gaban jama'a har ya sami tasa muryar. Ba muna cewa a cikinsu akwai wanda ya kamo shi ba ne. Irin wannan murya da hikimar sarrafa magana ba kullum ake haihuwarsu ba, ko a gida ɗaya. Amma wanda ake aunawa da kaset ɗin da aka ɗauka a ranar da ubansa ya fi kowace rana ƙarfi, an kayar da shi tun bai buɗe baki ba.

Abin da ake jin tsoro shi ne ranar da za a nemi mutum shida da suka iya haɗa kotso da amshi a rasa. Waƙoƙin suna nan a waya da intanet, ba za su ɓace ba. Iyawar ce ba ta shiga memori, sai yaro ya tsaya a bayan babba shekara da shekaru, kuma ba yaron da zai tsaya a sana'ar da ba ta ciyar da mai ita.

Akwai abin da ke hannunmu. Gidaje da yawa a Kontagora suna da tsofaffin kaset a akwati ko bayan gado, wasu ma a wurin biki aka ɗauke su da rikoda, ba a taɓa sayar da irinsu a kasuwa ba. Zafi da ƙura suna cin su. Muna roƙon duk mai irin wannan kaset, na Kurna ne ko na Ɗanƙwairo ko na magadansa ko na wani makaɗin fada, ya kawo wa sakatariya a juye shi a kwamfuta a mayar masa da abinsa. In ya san inda aka ɗauka da shekarar, ya rubuta a jikin kwalin. In kuma a gidan akwai dattijon da zai iya gane muryar wani ɗan amshi ya faɗi sunansa, a sanar da mu, za mu zo har gida mu kunna masa mu rubuta.