Death Note da kotunan Japan

A watan Disamba na 2003 mujallar Weekly Shonen Jump ta fara buga Death Note, labarin da Tsugumi Ohba ya rubuta, Takeshi Obata ya zana. Yawancinmu ba mu san shi ba sai da kamfanin Madhouse ya mayar da shi anime mai kashi 37, daga 2006 zuwa 2007. Wani haziƙin ɗalibi, Light Yagami, ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu, muddin mai rubutun ya san fuskarsa. Sai ya ƙuduri aniyar kawar da masu laifi daga doron ƙasa, jama'a suka raɗa masa suna Kira.

Ana tsaka da buga labarin, a 2004, majalisar Japan ta zartar da dokar da ta sa mutanen gari su riƙa zama tare da alƙalai a manyan shari'o'i, har da na kisa. Ta fara aiki a 2009. Wato ƙasar na cikin muhawarar wa ya cancanci yanke wa wani hukunci.

Mun saba musu a kan ko Light mugu ne ko mai gyara. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta, wani abin ne ya fi tsaya mana a rai: daga ina yake samo sunayen? Daga labaran talabijin, da intanet, da bayanan 'yan sanda da yake leƙawa ta kwamfutar mahaifinsa. Ba ya bincike, ba ya jin ta bakin kowa. Idan bayanin da aka ba shi gurɓatacce ne, hukuncin ma haka zai fito, kuma babu ɗaukaka ƙara.

A Japan fiye da kashi 99 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar ana samun su da laifi. Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe, an yanke masa hukuncin kisa a 1968 bisa zargin kashe mutum huɗu a Shizuoka. An sake shi a 2014, sannan a Satumban 2024 kotu ta wanke shi, ta ce an ƙirƙiri wasu hujjojin ne. Jaridu sun buga sunansa da hotonsa, abu biyu kaɗai da Kira ke buƙata. Duk shekarun da ake buga Death Note, Hakamada na kurkuku yana jiran igiya.