2.4 Askar Turai: Bunƙasarta, Faɗuwarta da Masu Farfaɗo da Ita

Kafin a shiga bayanin yadda reza ta sami wurin zama a zabirar wanzami, ya kamata a waiwayi tarihin askar Turai, domin daga can ne canjin ya taso. Abin da ake nufi da askar Turai a nan shi ne askar nan mai dogon ruwa wadda ake naɗewa ta shige cikin mariƙinta, a buɗe ta idan za a yi aski.

Garin Sheffield na ƙasar Ingila shi ne ya fara yin suna wajen ƙera irin wannan aska, tun wajen 1680. Amma ba ta kai ga ingancin da aka san ta da shi ba sai bayan da wani mai ƙera agogo, Benjamin Huntsman, ya gano dabarar narka ƙarfe cikin tukwanen yumɓu a wajen 1740. Ƙarfen da ake samu ta wannan hanya taurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, saboda haka yana ɗaukar kaifi, yana kuma riƙe shi. A ƙarni na 19 kamfanoni irin su Wade & Butcher da Joseph Rodgers suka riƙa tura asake zuwa Amurka da sauran ƙasashe. Daga baya garin Solingen na Jamus da garin Thiers na Faransa suka shigo kasuwar, musamman da aska mai ƙwarmin ciki, wato wadda aka rarake gefunanta biyu har bakinta ya yi siriri ƙwarai.

Faɗuwar wannan aska ta faro ne daga King Camp Gillette, Ba'amurken da ya kafa kamfaninsa a 1901. A 1903 mariƙan reza 51 kawai ya sayar, da ruwan reza 168. Amma a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Amurka sun sami mariƙai kimanin miliyan uku da rabi, suka koma gida da al'adar. Abin lura a nan shi ne, reza ba ta fi aska kaifi ba. Abin da ta ɗauke wa mutum shi ne wahalar wasawa. Mai aska dole ya mallaki dutse da fata, ya kuma koyi aiki da su, ko ya kai wa wanda ya iya. Mai reza kuwa in ta dakushe sai ya yar ya sa wata. Injin aski mai aiki da lantarki na Jacob Schick, wanda ya shiga kasuwa a 1931, da rezar Bic ta 1975, su suka ƙarasa aikin.

Tun daga farkon shekarun 2000, wasu mutane a Turai da Amurka suka ɗauki gyaran tsofaffin asake a matsayin abin sha'awa. Sukan saye su a gwanjo ko ta intanet, galibi sun yi tsatsa, mariƙin ya tsage. Da farko akan cire ƙusoshin da suka riƙe mariƙin, a kankare tsatsar da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Da hannu aka fi son yin wannan, domin inji na iya ɗumama bakin askar har ƙarfen ya saki, kuma in ya saki ba zai sake riƙe kaifi ba. Idan tsatsa ta ci rami a kan bakin, sau da yawa askar ta tashi aiki ke nan. Mariƙi ma yana da nasa sha'anin. Na da ana yin su da ƙaho ko ƙashi ko hauren giwa, na baya kuma da wata roba da ake kira seluloyid, wadda in ta tsufa takan fitar da iska mai cin ƙarfe, ta lalata askar da ke cikinta da ma waɗanda aka ajiye kusa da ita. Hauren giwa kuwa an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, don haka wanda nasa ya karye sai ya maye gurbinsa da ƙaho ko katako. Bayan haka sai wasawa: a kwantar da askar a kan dutse, bayanta da bakinta duk suna taɓa shi, domin kaurin bayan ne yake daidaita karkatar kaifin. Akan ƙarasa da dutse mai laushi, kamar ruwan ɗorawan nan da ake haƙowa a yankin Vielsalm na Beljiyam, sannan a goga a fata. Su kansu masu wannan sha'awa ba bakinsu ɗaya ba: wasu na goge aska har ta yi ƙyalli kamar madubi, wasu na ganin yin haka share mata tarihi ne, kuma hujjar waɗannan ta fi ƙarfi, tunda gugar kan tafi da rubutun da ke jikinta.

Idan aka dubi wannan aiki da kyau, za a ga ba baƙo ba ne ga wanzamin ƙasar Hausa. Dutsen wasawa da fata da gwada kaifi a gashin hannu duk abubuwa ne da ya gada, sai dai shi sana'a yake yi, da ita yake ci. Abin da ya raunana askarsa ma ba sauƙin reza kaɗai ba ne, har da tsoron kamuwa da cuta, musamman bayan da aka ba da sanarwar ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986.

Akwai kuma wani bambanci da ya shafi hanyar bincike. Askar Sheffield tana ɗauke da tambarin wanda ya ƙera ta, kuma tun 1891 dokar Amurka ta tilasta a rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa, don haka kalma ɗaya a gindin aska na iya nuna zamaninta. Askar da maƙerin Bahaushe ya ƙera galibi ba ta da tambari. Shekarunta sai a bakin mai ita, ya faɗi daga wa ya gaje ta da kuma maƙerar da ta fito. A kan irin wannan bayani na baka ne babi na uku zai dogara.