Mamman Sani Abdoulaye: mai fiyanon Yamai da aka san kiɗansa ba a san sunansa ba

Yau ba fim za mu taɓa ba, kuma ba sabuwar waƙa na kawo muku ba. Wani dattijo ne daga Nijar nake so mu san shi, domin duk mai son kiɗan fiyano irin namu na Kannywood, ko mai bibiyar kiɗan na'ura na Turawa irin su tekno, ya kamata a ce ya taɓa jin sunan Mamman Sani Abdoulaye.

Ni kaina a intanet na ci karo da shi. Ranar da na gane girmansa kuwa a Babura ne, a gidan kawuna. Ina zaune a zaure na kunna wani kiɗansa a waya, sai kawu ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro, ina ka samo kiɗan gidan rediyon Nijar?" Na ce, "Kawu, kun san shi ne?" Ya ce tun yana saurayi yake jin sa in sun kamo tashar Nijar, tunda mu nan da Magarya ba wata tazara ba ce. Na tambaye shi sunan mai kiɗan, ya yi shiru, can ya ce shi bai taɓa tunanin wani mutum ne ya zauna ya kaɗa shi ba, ya ɗauka kiɗan rediyo ne kawai.

To wannan amsar ta kawu ita ce labarin Mamman Sani gaba ɗaya.

Yadda ya samu fiyanon

Mamman Sani ba ɗan gidan makaɗa ba ne irin yadda muka saba, wanda ya gaji kalangu ko kotso daga uba. Ɗan boko ne, ya yi aiki da hukumar UNESCO, aikin ya riƙa kai shi ƙasashen waje. A wajen wani taro na hukumar ne, cikin shekarun 1970, ya ga wani wakili daga Ruwanda ya zo da wani fiyano mai amfani da lantarki, irin wanda ake kira ogan, ƙirar kamfanin Orla na Italiya. Sautin ya shiga ransa, ya yi ta lallaɓar mutumin har ya sayar masa. Ya ɗauko abinsa ya kawo Yamai, a lokacin da samun irin wannan na'ura a Nijar sai an tona.

Abin da ya yi da ita shi ne ya burge ni. Da wani ne, da waƙoƙin Faransa zai zauna yana kwaikwaya a otal-otal. Shi kuwa sai ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na ƙasarsu, na Fulani Wodaaɓe da na Buzaye, ya ɗora su a kan na'urar, sannan ya ƙirƙiri nasa. Hannu ɗaya yana riƙe da sauti mai kauri yana maimaita shi, ɗaya hannun yana yawo da karin waƙar a sama, ɗan injin gangar da ke cikin fiyanon kuma yana ta bugawa a hankali ba ya gajiya. Galibi babu muryar mawaƙi. Amma in ka saurara da kyau za ka ji kamar fiyanon ne yake rera waƙar.

A 1978 ya shiga sitidiyon gidan rediyon ƙasa a Yamai ya naɗi kundinsa na farko. An fitar da shi a kaset tare da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu, sai dai kaset ɗin da aka buga 'yan kaɗan ne, ba su wadatu a kasuwa ba. Kiɗan da kansa bai ɓace ba. Gidan rediyo da gidan talabijin na Nijar suka ɗauke shi suna sa shi tsakanin shiri da shiri, shekara da shekaru. Yara suka tashi da shi, manya suka tsufa da shi. Sunan mai shi ne kawai bai bi kiɗan ba.

Me ake yi a duniya a wannan lokacin?

A nan nake so ku ɗan ba ni hankalinku, domin shekarar 1978 ba ƙaramar shekara ba ce a tarihin kiɗan na'ura. A shekarar ce ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus ta fitar da kundin The Man-Machine. A nan gida Najeriya, a Inugu, William Onyeabor ya fitar da Atomic Bomb. A Ingila kuma wasu matasa suna wani irin kiɗa mai kaushi da aka sa wa suna indastiriyal, wato kiɗan masana'antu. Sunan ya samo asali ne daga kamfanin faifai na Industrial Records da ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa a 1976. Su ba daɗin kunne suke nema ba. Ƙarar ƙarfe, kukan inji, muryoyin da aka yanko daga rediyo, duk su haɗa su zuba maka. Gaskiya ni na farko da na ji kasa ƙarasawa na yi.

A cikinsu wadda gadonta ya fi fitowa fili ita ce Cabaret Voltaire, ta garin Sheffield, garin masana'antun ƙarfe. Mutum uku suka kafa ta a 1973: Richard H. Kirk da Stephen Mallinder da Chris Watson. Da na'urar naɗar sauti suka fara, su yanka zaren kaset su manna bakinsa da bakinsa don sauti ɗaya ya yi ta zagayowa. Sannu a hankali kiɗan nasu ya karkata zuwa na rawa. Can a Amurka kuma, a birnin Detroit mai masana'antun motoci, wasu samari baƙaƙen fata uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka haɗa abin da suke ji na Turai irin su Kraftwerk da kiɗan fonk na gida, da injinan ganga na kamfanin Roland, suka fito da abin da duniya ta sani yau da tekno. Da kiɗan ya tsallaka Ingila, shi wannan Kirk na Cabaret Voltaire yana cikin waɗanda suka tarbe shi: a 1990 shi da wani DJ suka fitar da "Testone" da sunan Sweet Exorcist a kamfanin Warp na Sheffield. Ka ga mutum ɗaya ya taka daga indastiriyal ya shiga tekno da ƙafarsa.

Kada wani ya je ya ce na ce Mamman Sani tekno yake yi. A'a. Kiɗansa mai sanyi ne, na zaman dare bayan an ci tuwo, ba na gidan rawa ba. Inda suka haɗu shi ne dabarar: mutum ɗaya, na'ura ɗaya, ɗan gajeren sauti da ake maimaitawa har ya kama jikin mai sauraro. Kuma wannan dabarar mu ba baƙuwarmu ba ce. Ku tuna kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tal, bugu ɗaya yana ta dawowa, amma ba ka gajiya. Abin da Turawa suka sha wahalar yanka kaset kafin su samu, Mamman Sani a kunnensa ya taso da shi.

Inda suka rabu kuwa shi ne wajen suna. Su na Ingila da Amurka suna da kamfanonin faifai, da mujallu masu rubuta wane ya yi me a wace shekara, shi ya sa yau za ka iya bin sawun gadonsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta salsala. Shi namu rediyo ce ta raba kiɗansa kyauta ga ƙasa guda, ba takarda ba hoto.

Yadda sunan ya dawo

Sai bayan shekara 35 abin ya juya. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds da ke Portland, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiyar kaset-kaset a Yamai, ya nemi mai shi ya same shi. A 2013 aka sake fitar da kundin a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger. A ciki akwai "Salamatu", wanda shi ne ya fi shahara, da "Lamru". Daga nan aka fitar da Taaritt a 2014, kiɗan da ya naɗa a shekarun 1980 da sababbin na'urori, sai kuma Unreleased Tapes 1981-1984. Dattijo ya ɗauki fiyanonsa ya je ya yi wasa a Turai, a gaban matasa masu sauraron kiɗan na'ura waɗanda ba a haife su ba lokacin da ya yi naɗin.

Abin yana min daɗi kuma yana min ciwo. Daɗi don ya ga sakamakon aikinsa da idonsa. Ciwo don sai da wani ya taso daga wata uwa duniya kafin ni da nake maƙwabtaka da Nijar in san sunansa.

Waɗanda suka biyo baya

Wanda aka fi dangantawa da shi a yau shi ne Hama, shi ma ɗan Yamai. Direba ne, ya fara da ƙaramin fiyanon Yamaha, daga baya ya koma haɗa kiɗa a kwamfuta. Shi ma karin waƙoƙin Sahara yake ɗauka ya mai da su na na'ura, amma nasa ya fi gudu, ya fi kusa da tekno sosai. Kuma ku ji ikon Allah, shi ma kiɗansa ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane ta Bluetooth da memori ba tare da sunansa ba. Kundinsa Houmeissa ya fito a 2019. In kana son ka ji yadda jikan kiɗan Mamman Sani yake, nan za ka nufa.

Ta ɓangarenmu kuma, kiɗan fiyanon Kano ta tasa hanyar ya biyo: son finafinan Indiya, da fiyanon Yamaha da ya shigo sitidiyo irin na Iyan-Tama a shekarun 1990, har aka zo zamanin Sangaya abin ya zama ruwan dare. Amma hanyoyin biyu sun haɗu. A 2008 Mdou Moctar, Buzun Nijar mai jita wanda yanzu duniya ta san shi, ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar, da injin ganga da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinanmu. Ta waya waƙoƙin suka bazu a Sahara. Sannan shi dai wannan kamfani na Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya fitar da su a faifai da sunan Harafin So a 2013, shekarar da ya fitar da na Mamman Sani.

Yanzu bari in tambaye ku. Waƙar da kuka fi so ta Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker, wa ya kaɗa ta? Sai in mawaƙin ya ambaci makaɗin a cikin waƙa, in ba haka ba shiru. Na gwada wannan tambayar a wani shagon masu tura waƙa a waya a nan Kazaure, mu kusan takwas a wajen, kowa ya san mawaƙi, kowa ya san jarumar da ta hau waƙar a fim, mutum ɗaya ne ya iya kawo sunan makaɗi, shi ma sai da aka yi masa gardama. Ga memori cike da kiɗan DJ na biki da ba a san wanda ya haɗa ba, an sa masa suna "sabon kiɗa 2" an wuce wajen. Tsofaffin kaset ɗin waƙoƙin finafinai na farkon shekarun 2000 kuwa suna can cikin kwali a ɗakunan iyayenmu, zafi da ƙura suna cin su.

Ga mai son saurare, ku rubuta Mamman Sani ko Mammane Sani a YouTube ko Bandcamp, duka rubutun biyu ana amfani da su. Ku fara da "Salamatu", da daddare, da abin sa wa a kunne, kada ku yi saurin wucewa don minti na farko zai yi muku kamar ba abin da ke faruwa. In akwai dattijo a gidanku da ya saba kama tashar Nijar, musamman mutanen Babura da ƙauyukan bakin iyaka, ku kunna masa ku ga fuskarsa. Kawuna dai ya sa na tura masa duka kundin a wayarsa, kuma ya ce in rubuta masa sunan mutumin a takarda.